Yadda ake gano matsalar sauti da ta wayoyin TV a gida kafin a ɗauka zuwa wajen mai gyara

Ranar wata Asabar bayan la'asar na je gaida Baffana, ƙanin mahaifinmu, sai na tarar an sauke TV ɗinsu daga bango an naɗe ta da bargo, har an aiki yaro ya nemo mai adaidaita sahu za a kai ta Sabon Gari wajen masu gyara. Kwana uku kenan hoto tar amma babu murya ko kaɗan. Na ce Baffa don Allah ku ɗan dakata in duba tukunna, ya ce kai dai bari, sifikar ce ta mutu, maƙwabcinmu ma da ya zo haka ya faɗa. Na roƙa aka mayar da ita yadda take, aka jona wayoyin kamar yadda suke kafin a cire, na haska bayanta da fitilar waya. Farar wayar tana reto ba a jona ta ba, jar kuma an cusa ta a wani jan rami daban wanda ba na sauti ba ne. Ashe ranar da aka yi sharar falo ne aka fizge wayoyin, yara suka mayar yadda suka ga dama, ja ta ga ja kawai. Minti biyu bai cika ba muryar mai karanta labarai ta cika falon, Baffa ya yi ta sa albarka.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan kenan, don na sha ganin mutane sun biya kuɗin mota da kuɗin gyara, wani lokacin ma allon ya tsage a hanya, alhali ciwon ba a cikin TV yake ba. A abin da ni dai na gani da idona, yawancin matsalar sauti ko ɗaukewar hoto daga waya take ko daga saiti.

Ka riƙe abu ɗaya a ranka kafin ka taɓa komai: sauti hanya yake bi. Daga tasha ya faɗo kan dish ko eriya, ya biyo doguwar waya zuwa risiba, daga risiba ya bi wata gajeriyar waya zuwa TV, daga TV ya fita ta sifikarta ko ya wuce hom tiyata. Aikinka shi ne ka gano a wace gaɓa ya tsaya. Kuma abu ɗaya ake canzawa a gwada, sannan a canza na gaba, in ka canza waya ka canza rami ka taɓa saiti duk a lokaci guda, ko ya gyaru ba za ka san me ya gyara shi ba, gobe ya dawo ka koma gidan jiya. Sannan ka ɗauki hoton bayan TV da bayan risiba da wayarka kafin ka zare ko waya ɗaya, zai yi maka amfani sosai wajen mayarwa.

Fara da rimot guda biyu

Mutane suna mantawa cewa risiba tana da nata ƙarfin murya, TV ma tana da nata. Za ka ga mutum ya kai na TV har 100 yana jin shuuu kawai, ashe na risiba yana kan sifili ko yaro ya danna MUTE. Ka ɗauki rimot ɗin risiba ka kai muryarta kusan ƙarshe, ka danna MUTE sau biyu ka ga alamar ta fito ta ɓace, sannan ka riƙa ƙarawa da ragewa da na TV. In rimot ɗin ne kake zargi, buɗe kyamarar wayarka ka saita kan rimot ɗin gare ta ka danna kowane maɓalli, a yawancin wayoyi za ka ga ɗan haske yana ƙiftawa a allo wanda ido ba ya gani, in babu to batir ne ko rimot ɗin. Jikin TV ma akwai maɓallai a ƙasa ko a gefe, gwada da su.

Na biyu, ka tambayi kanka: duk tashoshi ne babu murya ko wasu ne?

Wannan tambayar kaɗai tana raba gardama. In wasu tashoshi suna magana wasu sun yi shiru, to waya lafiyarta ƙalau, sifika ma haka, kada ka wahalar da kanka da bayan TV. Je tashar da ta yi shiru ka danna maɓallin AUDIO a rimot ɗin risiba, za ka ga jerin muryoyin da tashar ke turowa, wata tashar tana da Larabci da Turanci da Faransanci, wata kuma akwai layin da babu komai a cikinsa kuma a kansa aka tsaya. Canza zuwa wani. A nan ma za ka ga zaɓin hagu ko dama ko sitiriyo, mayar da shi sitiriyo. In ka ga an rubuta AC3 ko Dolby a gefen muryar to ka ajiye wannan a ranka, zan zo kansa a wajen HDMI. Wani lokacin kuma tashar ce ta canza lambobinta a tauraron ɗan adam, hoto ya zo murya ba ta zo ba, maganinsa ka goge tashar ka sake sikanin.

In kuwa duka tashoshin ne shiru, sai ka cire risiba daga lissafi. Saka filashi mai bidiyo ko karatu a ramin USB na TV ka kunna, ko in mai intanet ce ka buɗe YouTube. Murya ta fito? To TV ɗinka garau take, laifin yana tsakanin risiba da wayarta. Ba ta fito ba? To saitin TV ne ko cikinta. Samsung da LG da wasunsu suna da gwajin sauti a cikin menu, a Samsung yana ƙarƙashin Self Diagnosis an rubuta Sound Test, kana dannawa za ta kaɗa ɗan kiɗa da kanta, in ka ji kiɗan nan to sifika da injin sautinta suna aiki, ko wa ya ce maka sun mutu.

Na uku abu ne mai sauƙi amma yana aiki fiye da yadda ake zato. Kashe komai, ba da rimot ba, zare filogin TV da na risiba da na hom tiyata daga soket gaba ɗaya, bar su minti biyu, sannan ka kunna TV tukunna, risiba ta biyo baya. TV ɗin yanzu ƙaramar kwamfuta ce, in aka ɗauke wuta aka kawo aka sake ɗaukewa a jere ko aka juya daga janareta zuwa wutar gari, kanta yana iya ɗaurewa.

Ina TV take tura muryar?

Shiga Settings, ka shiga Sound, ka nemi Sound Output ko Speakers. In kana son ji daga jikinta dole ya kasance a kan TV Speaker. Sau da yawa za ka tarar yana kan Optical ko External ko Bluetooth, wato tana can tana tura murya wani wajen da babu mai saurare. Na taɓa ganin gidan da muryar take tafiya cikin ƙaramar sifikar bulutut da ke ɗakin samari a kunne, su ma ba su san daga ina maganar take fitowa ba. Duba kuma ramin iyafis da ke gefe ko baya, TV da yawa da zarar an cusa wani abu a ramin nan sai su kashe sifikarsu, ko da guntun kan jek ne ya karye a ciki. Haska da fitila ka gani. In ka ruɗe da saitin akwai Reset Sound, wannan sauti kaɗai yake mayarwa yadda ya zo, kada ka yi saurin danna Factory Reset don shi komai yake sharewa.

Wayar nan mai kai uku, rawaya da fara da ja

Har yanzu ita ce a yawancin gidajenmu. Rawaya hoto ne, fara muryar hagu, ja muryar dama. A bayan risiba ramukan da aka rubuta OUT za ka jona, a bayan TV kuma waɗanda aka rubuta IN ko AV IN. Inda ake faɗawa rami shi ne TV masu jerin ramuka biyar, kore da shuɗi da ja, sannan fari da ja. Jan farko da ke kusa da shuɗi, wanda aka rubuta Pr a ƙasansa, na hoto ne, ba ruwansa da murya, shi ne ya hana Baffa jin labarai kwana uku. Jan da kake nema shi ne wanda yake maƙwabtaka da fari, an rubuta R, farin kuma L. A irin waɗannan TV ɗin sau da yawa babu rami rawaya shi kaɗai, sai ka ga kore da ɗan zagayen rawaya ko an rubuta Y/VIDEO, nan rawayar take shiga, sai ka zaɓi AV da maɓallin SOURCE, in ka zaɓi Component hoton zai zo fari da baƙi. Wani dalilin fari da baƙi kuma shi ne tsarin launi, mu a Najeriya PAL muke amfani da shi, TV ɗin gwanjo da ta fito daga Amurka kuwa NTSC ta sani, to sai ka shiga menu na risiba wajen TV System ka daidaita da abin da TV ɗin take ganewa. Irin wannan ta Amurka ka duba takardar bayanta ma, in 110V ko 120V kaɗai aka rubuta kada ka kuskura ka jona ta a wutarmu mai 230V ba tare da na'urar rage wuta ba.

Yadda za ka gane ko wayar ce ta tsinke ta ciki: duk ukun nan kusan iri ɗaya ne, launi ne kawai ya bambanta su. Tunda hoto yana zuwa ka san rawayar lafiya take, to cire ta ka sa ta a farin rami a ɓangaren risiba da ɓangaren TV duka, in murya ta fito ka kama ɓarawo, farar da jar ne suka mutu, sayi sabuwa. Akwai wata dabara kuma da masu gyara ke yi, ka bar fara da ja a jikin TV, ka zare su daga risiba, ka sa murya tsaka-tsaki, da busasshen hannu kana sanye da takalmi ka taɓa tsinin kan jek ɗin da yatsa, za ka ji TV ta yi buuu. In ta yi, to daga wayar har sifika lafiya, risiba ce ba ta turowa. In kuma murya tana zuwa tana ɗaukewa idan an motsa waya, ko tana ƙarar ƙas-ƙas, kan jek ɗin ne ya saki ko ya yi tsatsa. Matse zoben waje kaɗan da filaya don ya kama ramin sosai, ka goge shi da auduga da ɗan sifirit, ka bari ya bushe. Ƙurar hunturu da laimar damina su ne manyan masu cin waɗannan kawunan, ɓera kuma yana son bayan kabad, bi wayar da yatsa daga farko har ƙarshe ka ji ko an gaigaye ta.

Wasu ƙananan TV da risiba na yanzu rami ɗaya ne irin na iyafis aka rubuta AV, sai a ba ka waya mai jek ɗaya a gefe da kai uku a ɗaya gefen. Ka adana wadda ta zo a kwali, domin ba duk kamfanoni ne suka jera cikin jek ɗin iri ɗaya ba, in ka sayo wata a kasuwa kana iya samun hoto yana fitowa ta jar waya ko ƙara kawai kake ji. In haka ta faru gwada musanya kawunan uku ɗaya bayan ɗaya kafin ka ce ba ta aiki.

HDMI

Waya ɗaya ce take ɗauke da hoto da murya tare, a cikin ɗan bakin nan nata akwai ƙananan haƙora 19, guda ɗaya ya lanƙwashe ya isa ya ɓata maka rana. Kashe kayan daga soket kafin ka zare ko ka saka, musamman in dish yana jone da risiba, domin na ga ramin HDMI da ya ƙone saboda ana cusawa da wuta a jiki. Zare, haska bakin, hura ƙurar, mayar har ka ji ya zauna daram. In TV a bango take duba ko nauyin wayar yana jan bakin ƙasa ko bango ya danne ta ta lanƙwashe, akwai ɗan kai mai kusurwa da ake sayarwa don wannan. Bai yi ba, koma HDMI 2 ko 3 ka canza SOURCE ya dace da lambar ramin. Bai yi ba, ari wata wayar wajen maƙwabci. Ɗige-ɗigen fari kamar taurari a hoto, ko allo ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ya dawo, kusan kullum alamar waya mara kyau ce ko mai tsawo da yawa, in ta haura mita goma matsala takan fara, kuma dogayen nan masu ƙarin ƙarfi suna da gaba da baya, an rubuta Source a kan da ke shiga risiba, Display ko TV a ɗaya kan, in ka juya ba abin da zai fito. Ba sai ka sayi mai tsadar gaske ba, amma ka guji siririyar nan mara nauyi da ake cusowa kyauta a kwali.

To ga inda na ce zan dawo. Hoto yana nan lafiya ta HDMI, murya babu, ko wasu tashoshi kawai suke shiru ko suna wani ƙara trrrr. Shiga menu na risiba wajen saitin sauti ka nemi Digital Audio ko HDMI Audio ko SPDIF, za ka ga zaɓi kamar PCM, da Bitstream ko RAW ko Dolby ko Auto. Sa shi a PCM. Ma'anarsa a taƙaice, Bitstream risiba tana miƙa wa TV muryar a ƙulle ta ce ke ki kwance, in TV ɗin ba ta iya kwance irin wannan ƙullin ba sai shiru, PCM kuwa risiba ce take kwancewa da kanta ta miƙa a buɗe, kowace TV tana ganewa. Wannan saitin guda ɗaya ya gyara mini matsalar gidaje da yawa. In risibar ce da kanta ba ta san AC3 ba, kamar wasu masu araha, to sai dai ka zaɓi wata muryar a tashar in akwai.

Mai jona laftof kuma ya sani, kwamfuta ba koyaushe take juya murya zuwa TV da kanta ba, danna alamar sifika da ke ƙasan allo ta dama ka zaɓi sunan TV ɗin. In da wayar VGA mai shuɗin kai da kusoshi biyu ka jona, ita hoto kaɗai take ɗauka, murya sai ka ja mata wata waya daga ramin iyafis. Fim ɗin filashi da ya fito ba murya ko TV ta rubuta ba ta gane sautin ba, shi ma ba lalacewa ba ce, irin muryar fim ɗin ce, misali DTS, ba ta iya karantawa.

Hom tiyata da sanba (doguwar sifikar nan da ake ajiyewa a ƙasan TV)

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskure ɗaya ne ake ta maimaitawa. Mutum ya ga fari da ja a bayan TV sai ya ja waya daga nan zuwa hom tiyata, ya zauna yana jiran gidan ya ɗauki ƙara, shiru. Ramukan nan ƙofar shiga ce, IN, ba sa fitar da komai. Abin da za ka nema shi ne inda aka rubuta AUDIO OUT, ko ramin iyafis, ko OPTICAL, ko HDMI mai ARC a gefensa, wato ramin HDMI da ke iya fitar da murya daga TV zuwa sifika. Kuma a jikin hom tiyatar sai ka danna maɓallin zaɓi har ya kai AUX ko sunan ramin da ka jona, in yana kan FM ko USB ko bulutut ba za ka ji ba.

Hanya mafi sauƙi in risiba kaɗai kuke kallo, bar HDMI ya kai hoto TV, ka ɗauki fara da ja kai tsaye daga bayan risiba zuwa AUX na hom tiyata, ka rage muryar TV zuwa sifili don kada ka riƙa jin amsa-kuwwa. Shi kenan.

In kuma kana son har YouTube da filashi su fito ta manyan sifiku, dole daga TV za ka ɗauka. In TV da sanba duka suna da ARC, to rami ɗaya ne tak a TV yake da wannan rubutun, a nan za ka jona, a sanba ma ramin da aka rubuta ARC ko TV. Sannan sai ka kunna CEC a menu, wato saitin da ke sa kayan da aka jona da HDMI su gane juna, in ba haka ba ARC ba zai tashi ba, matsalar ita ce kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa, Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync, Panasonic Viera Link. Bayan nan ka mayar da Sound Output kan HDMI ARC. In ya ƙi, zare duk sauran wayoyin HDMI, cire wuta minti biyu, kunna TV da sanba su kaɗai su gane juna tukunna sannan ka mayar da sauran.

Wayar optika ita haske take ɗauka ba wuta ba. Sabuwa tana zuwa da ƴar hular roba a kowane kai, ƙarama ce ƙwarai, mutane da yawa ba sa lura sai su yi ta dannawa da ƙarfi da hular a kai. Cire ta, daidaita bakin don gefe ɗaya yake shiga, tura har ka ji ƙas. Jona a TV ka kalli ɗaya kan daga gefe ko ka haska shi a tafin hannunka, in ka ga jan haske to TV tana turowa kuma wayar ba ta karye ba. Kada ka naɗe ta da ƙarfi ko ka bari ƙafar kabad ta taka ta. In hom tiyatarka tsohuwa ce fari da ja kaɗai ta sani, akwai ɗan akwati mai juya optika zuwa fari da ja, yana shan wutar 5V ta USB, amma yawancinsu PCM kaɗai suke ji, in ba ka sa TV a PCM ba wata irin ƙara mai kashe kunne za ka ji. Idan baki yana motsi murya na zuwa a makare ko tana riga shi, nemi Audio Delay ko AV Sync ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan kana kallon bakin mai labarai.

Sifika ɗaya a cikin biyar ta yi shiru? Musanya ta da wata mai aiki. In shirun ya bi sifikar to ita ce ko wayarta, in ya tsaya a ramin to amfilifaya ce. Kuma kada ka bar zaren tagullar ja da baƙa su taɓa juna a bayan amfilifaya, yana ƙona ta.

Gurnanin buuu da ba ya ɗaukewa

Wannan yawanci daga wuta yake. Jona TV da risiba da hom tiyata duka a ekstenshan ɗaya, raba wayoyin sauti da na wuta kada ka ɗaure su dami guda. Sai ka kashe risiba ka kwance wayar dish daga bayanta, ka kunna ka saurara, in gurnanin ya ɗauke to ta wayar dish yake shigowa, a nemi mai aikin wuta ya duba earth ɗin gidan, wato wayar da ake binnewa a ƙasa. In sai an tada janareta ko an koma kan inbata yake yi, to irin wutar ce, ƙananan inbata masu araha wutarsu ba sumul take ba kuma kayan sauti suna nuna hakan. Caja mara kyau da ke kusa ma tana jawo shi, zare su ɗaya-ɗaya ka ji.

Wayar dish da eriya

Idan hoto yana kakkaryewa gida-gida, murya na yin ƙit-ƙit tana yankewa, ko an rubuta No Signal, ko E48-32 a DStv da GOtv, to ba HDMI ba ne, sigina ce ta yi ƙasa. Amma ka bambance, in TV ce ta rubuta No Signal kuma ko menu na risiba ba ka gani, wannan tsakanin risiba da TV ne. In kana ganin menu da sunan tasha, to daga risiba zuwa sama ne. Danna INFO sau biyu ko ka shiga wajen saitin dish za ka ga layi biyu, Strength da Quality. Na farkon ya nuna risiba tana jin LNB, wato kan nan da ke gaban dish, na biyun shi ne ainihin tashar. Strength akwai Quality babu, dish ne ya goce, iska ko yara ko an ɗaura igiyar shanya a jikinsa, ko bishiya ta girma ta tare. Duka biyun sifili, waya ce ko kan waya ko LNB ɗin. In lokacin hadari ne mai ƙarfi kuwa ka jira ya wuce, ruwan sama yana danne sigina ko da komai lafiya.

Ka san cewa wannan wayar tana ɗauke da wuta, risiba tana tura 13V ko 18V ta cikinta zuwa LNB, don haka zare filogin risiba kafin ka kwance ta. Kwance kan nan mai zare ka kalli ciki da kyau. Tsakiyar tagulla ce guda ɗaya, sai farar roba, sai saƙar siraran wayoyi kamar gashi. In ko zare ɗaya daga cikin gashin nan ya taɓa tagullar tsakiya, shot ne, risiba za ta rubuta LNB Short ko ta yi ta kashe kanta. Na taɓa kwana biyu ina zargin LNB a gidana har na sayo sabo, ashe zare ɗaya ne siriri da sai da na karkata shi a hasken rana na gan shi ya naɗe tagullar.

Ga yadda ake sake ɗaura kan. Yanke wayar daga inda take da kyau, in ka ga tagullar ta yi kore ko baƙi ko farin gari na zuba to ruwa ya shiga, ci gaba da yankewa har ka kai inda take sheƙi. Da reza ka zagaye baƙar fatar waje a hankali kamar santimita ɗaya da rabi ka cire, kada ka yanke gashin. Mayar da gashin baya ya kwanta a kan fatar, duka, kada ka bar ko ɗaya. Yanke farar robar ka bar kaɗan, tagulla ta fito kamar santimita ɗaya, kada rezar ta cije ta don nan take karyewa. Murɗa kan a kai har farar robar ta zo daidai da ƙasan cikinsa, tagullar ta leƙo waje kamar milimita biyu zuwa uku, in ta fi haka rage ta da filaya. Ɗaure a risiba da hannu, ba da filaya ba. Na wajen dish ka naɗe shi da salatif sosai, ka ɗan lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje maimakon ya biyo ta. In za ka sayi sabuwa ka ce RG6, kuma ka rage yawan haɗi a hanya, kowane haɗi yana cin sigina. Hawa rufin kwano kuma in ba ka saba ba ko akwai wayar wuta kusa, kira mai saita dish, bai kai a karye a kansa ba.

Gidajen da har yanzu suke raba risiba ɗaya zuwa tsohuwar TV a wani ɗaki ta ramin RF, wato irin na wayar eriya, in hoto ya fito amma shuuu ne a madadin murya, tsarin sauti ne bai dace ba. A menu na TV da na risiba akwai B/G da I da D/K, sa su iri ɗaya. TV ɗin gwanjo daga Ingila a kan I take zuwa.

Wanda ya kai na mai gyara

In gwajin sautin TV ya yi shiru, filashi shiru, ka mayar da saiti ba canji, amma da ka sa iyafis ko hom tiyata murya ta fito, to sifikar ciki ce ko injin da ke tura mata, kana iya ci gaba da amfani da hom tiyatar in ba ka shirya gyara ba. In ko ta ina babu murya, ko duk ramukan HDMI sun mutu lokaci guda bayan an yi tsawa, ko kana jin ƙauri, wannan bod ɗin da ke cikin TV ne. Kada ka buɗe bayanta, akwai kayan da ke riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Shi ya sa da ka ga hadari ya haɗo da walƙiya, ka zare filogi ka kwance wayar dish ma, don sitabilaiza ba ta tare abin da ya biyo ta wayar dish.

In za ka kai, ɗauke ta a tsaye kada a kwantar da ita a kan allo, ka tafi da rimot da wayar wutarta, ka faɗa wa mai gyaran duk abin da ka gwada ɗaya bayan ɗaya, ka ce ya gaya maka kuɗin kafin ya fara, kuma in ya canza wani abu ya ba ka tsohon da ya cire.